Kawu a Kujerar Mai Zaman Banza

Kawu ya yi shekara 31 yana jan babbar mota tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, wani zubin har Arlit. Shi ya sa ranar da na ce masa na ɗauki hutun kwana tara zan kai shi ya ga hamada, ya dire kofin shayinsa ya dube ni kamar na ce zan biya masa Fatiha.

"Ɗan nan, jirgi uku na hau kafin na iso nan. Abin da na baro a bayan gida shi za ka nuna min?"

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma na daɗe ina neman yadda zan kawo shi Amurka ya ga inda wahalarsa ta kai ni. Da Allah ya nufa ya zo, a tsakiyar Satumbar 2022, sai na rasa inda zan kai shi. A Las Vegas nake aiki, wanda kuwa ya san garin ya san ba wurin da mutum zai riƙe hannun kawunsa ya zaga da shi ba ne. Tun a filin jirgi, kafin ya ɗauki akwatinsa, na'urorin caca ne suka yi masa maraba. Mako biyu ya yi daga ɗaki sai masallaci, sai wasa da jikarsa, har ya fara tambayata ko za a iya matso da ranar komawarsa.

Ba shi da lasin tuƙi na nan, don haka ni ne a sitiyari, shi a kujerar mai zaman banza. Wannan ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Daren tafiya ya fita da tocila ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa na ciro safaya ya danna ta, ya leƙa ruwan lagireto, ya nemi kuloci bai gani ba ya ce wannan ai keken ɗinki ce. Sannan ya ce sai mun ɗauki jarka huɗu ta ruwa.

Na ce, "Kawu, akwai gidajen mai a hanya, ko'ina za ku samu ruwa."

Ya ce, "A hanyar Agadas ma akwai rijiyoyi."

Muka ɗauki jarka huɗu. Muka haɗa da dabino da ƙuli-ƙuli da butar shayi da ɗan murhun gas. Kilishi babu, don tun kafin ya taso na gargaɗe shi cewa 'yan kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo. Na sayo masa busasshen naman da ake sayarwa a shagon halal na unguwarmu, ya ɗanɗana ya ce Allah ya jiƙan saniyar da aka yi wa wannan wulaƙanci.

Bayan asuba muka hau babbar hanya mai lamba 15 muka nufi arewa maso gabas. Sa'a ɗaya da rabi ba abin gani sai fili da 'yan tsirrai masu launin toka. Kawu na gyangyaɗi, in ya farka ya ce ai ga ta nan, tamkar tsakanin Tanut da Adarbisinat. Sai hanya ta kutsa cikin wani tsagin dutse a kusurwar jihar Arizona, inda kogin Virgin ya ratsa, bango ya miƙe dama da hagu har rana ta ɓace mana. Ya gyara zama, ya sauke gilashi. Daga nan gyangyaɗi ya ƙare.

Na yi kuskure tun farko da na ce masa Zion, zangonmu na farko a jihar Yuta, gandun daji ne irin Yankari, don muna shiga ya fara neman giwaye. A nan abin da gwamnati ta killace tun 1909 duwatsu ne da kogin da ya yanka su. Dala 80 na biya aka ba ni katin shekara, wanda ke buɗe wa mota guda ƙofar duk gandayen gwamnatin tarayya. Cikin babban kwazazzabon kuwa ba a shiga da motar gida a yawancin watannin shekara. Tun 2000 bas ake hawa, saboda cunkoso. Muka hau har tashar ƙarshe, muka taka a ƙasa kamar kilomita ɗaya da rabi, sai hanya ta ƙare a bakin ruwa. Daga nan kogin shi ne hanya.

Mun yi hayar takalman ruwa da sanduna a garin Springdale da ke bakin ƙofa. Kawu ya yarda ya sa wandona, amma hularsa ya ce ko za a mutu ba za ta sauka ba. Haka muka shiga, ruwa iya ƙwauri, wani wurin iya gwiwa, sanyi kamar daga randa a tsakiyar hunturu, ƙasa duk duwatsu masu santsi. Bangon dutse ya tashi wajen mita 300 a kowane gefe, a wasu wuraren faɗin bai kai mita goma ba. In ka ɗaga kai, sama ta koma kamar zaren shuɗi. Turawa da 'yan Asiya suna ta ɗaukar hoto, wasu ma hoton hular Kawu suke ɗauka a fakaice.

Shi ba hoto ne a gabansa ba. Ya tsaya ya nuna min wani gungumen itace da ya maƙale a tsagin bango, sama da kanmu nesa ba kusa ba.

"Wa ya ɗora shi can?"

Na ce ruwa.

"To mu koma."

Na nuna masa sama garau, na ce ai na duba allon da ke ofishin baƙi, sun rubuta yau ba a tsammanin ambaliya. Ya ce shi ma sama garau take ranar da ya ga kori ya tafi da mota a arewacin Agadas. Ba a yi ko yayyafi a inda suke ba. Can kan duwatsun Abzin aka yi ruwan, su ba su ma ga hadarin ba. Wani direba ya faka a cikin busasshiyar ƙoramar saboda inuwar itatuwa, ya kwanta a ƙarƙashin mota. Abin da suka fara ji rugugi ne kamar jirgin ƙasa, sai ga laka da itace da duwatsu sun taho a tsaye kamar katanga. Direban ya tsira da ransa da ɗan wandon jikinsa. Tun daga ranar, in ji Kawu, ko zafi zai kashe shi ba ya kwana a cikin kori, kuma duk yaron motar da ya yi aiki da shi ya san wannan kafin ya san canza taya.

Ban yi gardama ba, don na san a watan Agustan shekarar ambaliya ta tafi da wata matafiya a wannan wurin da muke tsaye, kuma a Satumbar 2015 mutum bakwai sun rasu rana ɗaya a wani ƙaramin tsagi cikin gandun. Muka ɗan ƙara gaba don kada kuɗin hayar takalmi ya tafi a banza, muka juyo. A bas ya yi shiru, can ya ce, "Mu tamu hamadar iska ce ke mulkinta. Wannan ta ruwa ce."

Washegari muka bi ta ramin da aka huda cikin dutse a 1930, tsawonsa kusan kilomita biyu, da 'yan tagogi a gefe da haske ke faɗowa ta ciki. Muna fita sai ƙasa ta canza: duwatsu farare da ruwan goro, jikinsu duk zane-zane a karkace, wannan layi ya hau kan wancan kamar an share tsakar gida da tsintsiya. Kawu ya sa na tsaya. Ya shafa dutsen, ya murza yatsunsa, yashi ya zubo. Ya ce ya san wannan zanen. Haka cikin tudun rairayi yake in iska ta yanke gefensa. Na ce masa ya yi daidai, masana sun ce nan duk tudun rairayi ne wajen shekara miliyan 180 da suka wuce, wata hamada ce makekiya da ta danne kanta ta zama dutse, kaurinta a nan ya haura mita 600. Ya ce maganar miliyoyi Allah ne masani, shi bai ga wanda ya zauna ya ƙirga ba. Amma cewa hamadar Tenere ce ta daskare, wannan ko ba a faɗa masa ba ya gani.

A nan ne muka yi azahar da la'asar a haɗe, kasaru, kan wani faffaɗan dutse. Kawu ya kalli inuwa ya fuskanci gabas, na ce su ɗan juyo hagu, su ƙara, su ƙara. Daga wannan yanki alƙibla arewa maso gabas take, har ta fi karkata arewa. Ya bi, amma bayan sallama ya ce ƙasar da in an ce a duba gabas sai a dubi arewa, dole komai nata ya zo a birkice.

Gandun Bryce na isa da shi ba shiri. Bakin kwarin ya haura mita 2,400 daga teku, mu kuwa da rigunan Las Vegas muka zo. Da asuba raɓa ta daskare a gilashin mota, sai da na kankare da katin banki. Kawu ya naɗe da bargon masauki, haƙoransa na haɗuwa, muka tsaya a bakin gangare muna jiran rana. Da ta ɓullo sai ga dubban ginshiƙai jajaye da ruwan hoda tsaitsaye a ƙasanmu, wasu kamar suri, wasu kamar zankwayen gidan sarki, wasu ka rantse hasumiyar masallacin Agadas ce aka dasa. Wannan ma aikin ruwa ne, amma da dabara: da rana ya shiga tsagin dutse, da dare ya daskare ya kumbura ya buɗa tsagin, haka dare fiye da 170 a kowace shekara. Mutanen Paiute da suka riga kowa zama a nan suna da labarin cewa wasu mutanen farko ne da suka yi mugun aiki aka mayar da su duwatsu. Ebenezer Bryce kuwa, manomin da wurin ya ci sunansa, abin da ake danganta masa shi ne cewa wuri ne na bala'i in saniyarka ta ɓata a ciki. Da na fassara wa Kawu ya yi dariya har bargo ya zame, ya ce a duk masu bayanin wannan ne kaɗai ya taɓa kiwo.

Hanya mai lamba 12 ita ce wadda ba zan manta ba, kuma ba don kyanta kaɗai ba. Tsakanin Escalante da Boulder akwai inda kwalta ke bin doron dutse, rami dama rami hagu, ba shinge. Hannuna ya jiƙe a sitiyari. Kawu ya ce in daina kallon rami, mota tana bin idon direba ne. Muka wuce lafiya, muka hau wani dutse mai kusan mita 2,900, inda itatuwa masu farin jiki suka yi rawaya kamar an watsa musu kurkur, abin da bai taɓa gani ba. A gangarowa ne wari ya fara shigowa.

"Tsaya."

Na faka. Ya fita ya kai tafin hannu kusa da ƙafar gaba, ya janye.

"Tun daga sama ƙafarka na kan birki. Birki na tsayawa ne, gangara ta giya ce. Wa ya koya maka mota?"

Na ce motar ita ke canza giyarta. Ya leƙo ya nuna wani harafi a gefen sandar giya, wanda na shekara huɗu ina gani ban taɓa taɓawa ba. Muka jira birki ya huce, ya dafa shayi a gefen hanya yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban ga ya ji daɗin wata rana a Amurka kamar wannan ba. Na gangara sauran da ƙaramar giya, inji na gurnani, shi yana gyaɗa kai.

Gandun Capitol Reef ba mu daɗe ba. Abin da ya tsaya mana a rai fadamar Fruita ce, gonakin tuffa da wasu 'ya'yan itace da manoman ɗariƙar Mormon suka dasa a bakin kogin Fremont, kore shar a gindin jan dutse. Ka tsinka da kanka, ka auna a sikeli, ka jefa kuɗi a akwati, ba mai tsaro. Kawu ya tuna lemo da rumman na Timiya da ake kawowa kasuwar Agadas, ya auna tuffarmu sau biyu don kada ya ci haƙƙin akwati.

Daf da shiga garin Moab, a bakin kogin Kolorado, akwai wani tudu da aka kewaye da waya, manyan motoci na kai da kawo a kansa. Na faɗa masa dusar yuraniyom ce. A 1952 wani mai neman ma'adinai, Charlie Steen, ya dace da babbar jijiya a kudu da garin, ƙauyen ya cika da mahaƙa, aka kafa masana'antar tacewa. Da kasuwa ta mutu aka bar tan miliyan 16 na dusa mai guba a gaɓar kogin da mutum wajen miliyan 40 ke dogara da shi. A 2009 aka fara kwashe ta a jirgin ƙasa zuwa wani rami da ke arewa, nesa da ruwa. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya kai siminti da gero Arlit ba sau ɗaya ba, ya san irin waɗannan tuddai a bayan gari, ya san yadda iska ke ɗibar ƙurarsu. Tambaya ɗaya ya yi: "Su wa ke biyan kuɗin kwashewar?" Na ce gwamnati. Ya ce to, ya ɗaga gilashi.

Gandun Arches na da bakunan dutse sama da 2,000. Kawu na ganin na farko ya ce bakan gizo, irin wanda magina ke ɗaurawa a soron sarki, sai dai wannan ba azara a cikinsa. Ni kaɗai na hau zuwa wanda ke jikin lambar motocin jihar Yuta, tafiyar kusan kilomita biyar zuwa da dawowa kan dutse tsirara, na tarar da mutum sun fi ɗari suna layin hoto a ƙarƙashinsa. Yana da kyau, amma na fi jin daɗin waɗanda ba a yi musu suna ba. Da na dawo na samu wata ma'aikaciyar gandu tana yi wa Kawu bayani da hannu: ya sauka daga turba ya taka wata baƙar ƙasa mai ƙuraje. Ashe ɓawon nan rayayye ne, ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi ke riƙe ƙasa kada iska da ruwa su kwashe, kuma sawu ɗaya kan ɗauki shekaru bai warke ba. Kawu ya ba ta haƙuri da Hausa, ta karɓa da Turanci. A mota ya ce ya ga inda ake hana taka gona, bai taɓa ganin inda ake hana taka ƙasa ba, amma da ya tuna yadda iska ta cinye gonakin arewacin Tanut, ba zai ce matar ba ta da gaskiya ba.

Kudu da ƙauyen Mexican Hat, a hanya mai lamba 163, kwalta ta miƙe ɗoɗar, can ƙarshenta wasu duwatsu jajaye suka tsaya ɗai-ɗai a fili kamar turame. Kawu ya dafa gaban mota.

"Na san nan! Wallahi na san nan. Kaboyi!"

A silima ya san shi, a Kano, yana saurayi, lokacin da suke tara kuɗin dako su shiga kallo. Nan ne dawaki ke tsere, nan ake harbe waɗanda suke kira Indiyawan daji, su kuma suna tafi suna fito. Monument Valley ba ya cikin gandayen gwamnatin tarayya, katina bai yi aiki a ƙofar ba. Ƙasar Nabaho ce, su suke karɓar kuɗin shiga, da gwamnatinsu da 'yan sandansu, kuma an haramta sayar da giya a cikinta, abin da ya ƙara musu daraja a idon Kawu nan take. Suna kiran kansu Dine. A 1864 sojan Amurka ya kora dubbansu a ƙasa, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wani sansani a New Mexico, da yawa suka mutu a hanya da can, sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka dawo.

Muka bi hanyar ƙasa mai kilomita 27 da ke zagaya duwatsun, Kawu na faɗa min inda zan sa taya. A wata rumfa wata dattijuwa na sayar da sarƙoƙin duwatsu masu launin shuɗi. Kawu ya ga tumaki a bayan rumfar, shi ke nan hira ta ɓarke, ni ne tafinta. Nawa ne, me suke ci da rani, ina suke sha. Ta nuna wata akori-kura da babban tanki a baya, ta ce jikanta ke zuwa ɗebo ruwa, tafiya mai nisa, don su da dabbobin. Wajen kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar Nabaho ba su da famfo. Ga ramukan yuraniyom sama da 500 da aka haƙa aka watsar a ƙasarsu, wasu sun ɓata rijiyoyi. Bayan tafiyarmu, a Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa yarjejeniyar 1868 ba ta wajabta wa gwamnati ta nemo musu ruwa ba.

Kawu ya sayi sarƙa biyu bai yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Sannan ya buɗe bayan mota ya sauke jarka biyu ya ajiye a gindin rumfar. Matar ta ce a'a, ya yi kamar bai ji ba, wanda dama bai ji ba. Mun yi nisa kafin ya ce, "Mu da muke tafi a silima, ashe masu gida ake harbewa."

A garin Page agogo ya rikice mana. Jihar Arizona ba ta matsar da agogo da bazara, ƙasar Nabaho da jihar Yuta suna matsarwa, garin kuma yana tsakaninsu, sai waya ta riƙa tsalle da sa'a guda. Kawu ya ce a bar shi da inuwa. Mun shiga tsagin Antelope da ɗan jagora Banabahe, don ba a shiga sai da su. Ana sauka ta matakalar ƙarfe, ciki bango ya murɗe kamar an juya tuwo, haske na zubowa ja da ruwan zuma, wani wurin sai ka karkata kafaɗa. A nan ne ambaliya ta kashe baƙi 11 a Agustan 1997, daga ruwan da aka yi can nesa. Kawu ya tambayi jagoran, ta bakina, wa ke duba musu hadari. Da ya ji akwai masu sa ido da ƙararrawar gargaɗi sai ya saki jiki, amma shi ne na farko a matakalar fita.

Madatsar Glen Canyon na bakin garin, tsayinta mita 216. An toshe kogin Kolorado a 1963, tafkin Powell bai cika ba sai 1980. Mu mun same shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake ɗauka. A jikin jan dutsen akwai farin zobe mai tsayin bene da yawa, shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa, kamar tukunyar da aka kwashe miya aka bar tabo. Tun 1922 jihohi bakwai suka raba kogin a takarda, kuma sun yi lissafin ne da shekarun da aka yi ruwa da yawa, suka raba abin da babu. Yau da wuya ya kai teku a Meziko. John Wesley Powell, mai hannu ɗaya da ya ratsa waɗannan kwazazzabai a kwalekwale a 1869, ya gargaɗi masu noman rani a 1893 cewa ruwan ba zai isa ba, rigima da shari'a suke tara wa 'ya'yansu. Ba su saurare shi ba, daga baya suka sa wa tafkin sunansa. Kawu bai sha mamaki ba. Ya ce a tambayi masunta da manoman fadamar Hadeja da Nguru abin da suka gani bayan an datse Tiga. Na sama ya sha, na ƙasa ya yi haƙuri, ko'ina haka ne.

Sunan Kolorado daga Sifaniyanci yake, ma'anarsa ja, saboda lakar da yake ɗauka. A ƙasan madatsar kore ne garau, lakar duk ta kwanta a tafki. Mun gan shi haka a lanƙwasar Horseshoe, daga tsayin mita 300, Kawu na riƙe da bayan rigata kamar ina ɗan shekara biyar. Muka ɗan ratse zuwa gadar Nabaho, inda muka tarar da mutane da tabaran hangen nesa suna ta murna. Wasu manyan tsuntsaye ne baƙaƙe a ƙarfen gadar, masu sanƙo, kowanne da lamba a fiffike. Faɗin fikafikansu ya kusa mita uku. A 1982 guda 22 suka rage a duniya, aka kama su ana kiwo, aka fara sako su a wannan yanki a 1996. Kawu ya karɓi tabarau ya duba, ya ce, "Ungulu ce fa." Ya yi dariya, sai kuma ya tsaya yana lissafin rabonsa da ganin ungulu a kwata. Ya kasa tunawa.

Grand Canyon ta ƙofar gabas muka shige shi, wajen hasumiyar dutse da Mary Colter ta zana aka gina a 1932. Na riga na haddace lambobin don in burge shi: tsawo kilomita 446, faɗi har 29 a wani wurin, zurfi fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ban samu faɗa ba. Ya isa bakin shingen, ya cire hular da kogin Zion bai sa ya cire ba, ya shafa kai, ya mayar. Yana ta subhanallahi a hankali. Ni na zo sau uku kafin wannan, kuma kowane zuwa idona sai ya ƙi yarda. Kamar labule aka zana aka rataye, sai inuwar girgije ta ratsa ta ɗauki mintoci kafin ta haye, sannan ka gane girman abin. Kogin da ya yi wannan aiki yana can ƙasa kamar zare.

Da safe muka ɗan sauka ta turbar South Kaibab, wadda ba ruwa a kanta ko ɗigo, kilomita ɗaya da rabi kawai. Ayarin alfadarai ya taho daga ƙasa, muka manne da bango suka wuce, Kawu na duba yadda aka ɗaure kayan yana cewa wannan ɗaurin ya yi. A dutsen saman akwai ɓawon halittun teku, a tsayin mita 2,100. Ƙasa da shi fari, ƙasa ja, ƙasa toka-toka, har zuwa baƙin dutsen gindi da aka ce ya haura shekara biliyan ɗaya da rabi. Ya ce masu haƙar rijiya haka suke ba da labari, jar ƙasa, sai marmara, sai yumɓu, sai yashin ruwa, kowacce da sunanta. Wannan rijiya ce da aka buɗe gefenta. Kuma kamar rijiya, shiga ba wuya. Saukar ta ɗauke mu minti arba'in, hawan ya kusa sa'a biyu, muna tsayawa kowace kwana yana haki yana cin dabino, yana hana ni in riƙe shi.

Komawa gida tafiyar kilomita 450 ce, ta Williams da Kingman. Na so in nuna masa madatsar Hoover daga kan gada, ashe katangar gadar ta tare, ba a ganin komai daga mota. Tafkin Mead dai mun gan shi da yamma, da nasa farin zoben. Na faɗa masa kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke zuwa famfon gidana daga nan yake, wato alwalar da ya yi mako biyu yana yi da wannan kogin ce. Ya ce ai da na faɗa masa tun farko da ya gaishe shi da kyau.

Mun shiga gari fitilu sun kama. Na faka, na kashe mota, mun ci sama da kilomita 2,000. Uwargida ta fito da yarinya a kafaɗa tana yi mana sannu da hanya, ta ce, "Kawu, yaya kuka ga ƙasar? Ya dai iya tuƙin ko?"

Ya sauko a hankali yana dafa gwiwa, ya zagaya ya kai hannu kusa da ƙafar gaba, ya ji ba zafi.

"Da sauransa," in ji shi. "Amma zan iya ba shi mota zuwa Damagaram. Agadas tukuna."